Bakin Zare

Da dunƙulen zare ja ta shigo unguwar, shi ya sa tun ranar farko suka raɗa mata Mai Zare, sunan kuma ya bi ta.

Tsohuwar unguwa ce a bayan babbar kwata, ga ambaliya, ga shara, ga samari babu aikin yi. Tsallaken kwatar kuma katafiloli ne na wani kamfanin gine-gine, a jere, sun juyo da baki. Kamfanin ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin. Ya sha zuwa rusau, ya sha komawa a kunyace.

Wata gidauniya ce ta ɗauko Mai Zare don ta tsara musu mafita. Karatunta ke nan: ba a duban matsala ita kaɗai, sai an bi abin da ke riƙe da ita da abin da take riƙe da shi. Ta tara jama'a a farfajiyar makaranta, suka yi da'ira. Kowa ya kama zaren, ya jefa dunƙulen ga wanda yake nema in abu ya taso. Kafin ka ce me, zare ya sarƙe kamar saƙar gizo-gizo.

Shugaban gidauniyar yana tsaye a gefe, dattijo mai sanyin murya, ba ya kiranta da komai sai 'yata.

"'Yata, in wancan ya saki fa?"

Makaniki ya saki. Saƙar ta ɗan sassauta, amma tana nan daram. Ungozoma ta saki, haka. Mai wanki ma haka. Dattijon bai gaji ba sai da aka gwada kowa. Mai Zare ta ce a ranta, kai, wannan bawan Allah akwai kula!

A ranar ta gane yadda suke korar katafila. Mai wanki ce ke fara hango motsin katafilolin daga saman bene inda take shanya, ta kurma ihu. Makaniki ya turo matattun motocinsa ya tare hanya. Ungozoma ta fito da mata da goyonsu su zauna a gaba. Wani tsohon akawun kotu ya ruga ya taso lauya. Babu shugaba, babu tsari, in wannan ba ya nan wancan ya yi. Ita kam abin haushi ya ba ta. Wannan ai hargitsi ne, sa'a kawai suke ci.

Sai ta zage damtse ta gyara. Gidauniya ta ba ta ofis da waya mai lamba ɗaya tal. Ruwa ya shigo, a kira lambar. Naƙuda ta tashi, a kira lambar. Ta kafa kyamara a saman benen, mai wanki ta huta da miƙa wuya. Da katafila ta motsa, wayar za ta yi kuka, ita kuma ta aika wa kowa saƙo. Matattun motocin nan aka kwashe su, don sauro suke tarawa, aka shuka furanni a wurin. Lauyan gidauniya ya karɓi shari'a, tsohon akawu ya koma karatun jarida a inuwa.

Maganar gaskiya, abin ya yi kyau. Ruwa ya daina shiga ɗakuna. Ungozoma har tana yi mata tsiya: "Ke 'yar nan kin sangarta mu, ko ɗankwali ya ɓace sai mun kira ki." Ta yi dariya, ta ji daɗi har cikin ranta. Duk abin da ta nema, amsar dattijon ɗaya ce: yi, 'yata. Yakan rage mata hanya ma. Ta ture hular kwanon da ke kan kujerar motarsa ta zauna, tana ta zuba masa labarin nasara.

Shi ya kawo shawarar a yi taron nuna aiki a wani babban zaure, can ƙarshen gari. Ya aiko da motocin bas, aka kwashi kowa, har tsofaffin da sai an tallabe su. A bakin ƙofa aka ajiye kwando, kowa ya saka wayarsa don kada ƙara ta dami taro. Ita ma ta saka tata.

Ta fito da zaren, aka sake da'ira. Makaniki ya jefo mata. Ta miƙa wa ungozoma, ungozoma ta maido mata. Mai wanki ita, tsohon akawu ita. Aka yi ta tafi, zare ya cika mata hannu har yatsunta suna zafi.

A tsakiyar tafin ne ta dubi abin da kyau. Babu saƙa. Babu zare ko ɗaya tsakanin makaniki da mai wanki, ko tsakanin ungozoma da akawu. Daga can cikin kwandon kuma wata waya tana kuka a shaƙe. Ta san kukan, ita ta zaɓe shi da kanta.

Dattijon ya matso a hankali.

"'Yata, saura ke. Ke kaɗai ban gwada ba."

Ta ƙara damƙe zaren. Ya sa hannu ya buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, cikin lallashi, kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro. Zaren ya zube gaba ɗaya a ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa, kuma a ranar ne ta fara ganin haƙoransa.

Ya zaro waya daga aljihu, ita kaɗai ce ba ta shiga kwando ba, ya ce, "Ku shiga, babu kowa."

Sai a lokacin ta tuna inda ta san tambarin da ke goshin hular kwanon nan da ta yi wata da watanni tana turewa: shi ne a ƙofar kowace katafila da ke tsallaken kwata.