An Cinye Tas

Malama ta yanka ayaba tsaye-tsaye kamar yatsu, ta jera su a farantin roba, ta ajiye a gaban Kumatu. Shi kuwa gogan, ɗan wata huɗu, ya zuba wa farantin ido yana zubar da yawu.

Ba son ranta ba ne. Hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, shugabar makarantar da take koyarwa kuma ta faɗa mata a fili: ko ta dawo aji, ko a ba wata kujerarta. Kumatu kuwa ya kafa kai, ban da nonon uwarsa kai tsaye ba ya karɓar komai. In aka sa masa kwalba a baki, sai ya tsala ihun da maƙwabta ke leƙowa ta taga. To ina za ta bar yaron da ba ya ci, ba ya sha?

A waya ta ga sabuwar dabarar: ba cokali, ba ɗura, a ajiye wa yaro abinci mai laushi ya ɗauka da hannunsa. An dai rubuta sai ya cika wata shida. Malama ta ja tsaki, ta ce ai ɗanta ba irin sauran yara ba ne.

Maigidan direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai taka gida ba. Sai dai Allah ya kawo mata Baba, mahaifinta, wanda aka cire wa turame gaba ɗaya, yake zaune a wajenta yana jiran haƙoran roba. Likita ya ce ruwa-ruwa kawai zai riƙa sha, Malama kuwa ta riƙe wannan doka da hannu biyu.

Ranar farko Baba ya dubi farantin, ya dubi jikansa, ya ce, "Anya bai yi ƙanƙanta ba?"

"Baba, zamani ya canza," in ji ta.

Baba ya ƙyale ta. Ya san 'yarsa, in ta ɗauko abu, ko da igiya ba a janye ta.

Kullum da safe sai ta bar musu faranti da kwalbar nonon da ta tatsa, wai ko Allah zai sa, ta tafi makaranta shirya darasi. In ta dawo, sai ta tarar da kwalba a wanke a kife, faranti kuma kamar an lashe.

"Baba, an ci?"

"An ci."

"Duka?"

"An cinye tas."

Wayyo daɗi! Malama ta ɗaga Kumatu sama tana juyi da shi. Daga ayaba ta koma gwanda, daga gwanda ta koma dafaffen dankali. Baba ne ke kawo mata rahoto: an fi son gwanda nunanna, karas ɗin jiya bai dahu ba, an sha wahala da shi. Ta ƙara wa karas wuta. Ta ɗauki hoton farantin wayam ta tura wa ƙawayenta, har wata ta ce a nema wa yaron nan tsari daga baki. Gida ya yi daɗi, har Baba ya daina ƙorafin romon da ake ba shi.

Ranar awo, nas ta ɗora Kumatu a sikeli, ta yi murmushi.

"Madalla. Nono zalla ko?"

Malama ta gyara zama. "Ai mu mun wuce nan. Da hannunsa yake ci."

Murmushin nas ya ɗauke. Ta yi mata faɗa sosai a kan shaƙewa da cikin jariri, sannan ta taɓa leɓen yaron da ƙaramin cokali. Kumatu ya turo shi waje da harshe. Ta miƙa masa murfin biro, ya kai hannu ya damƙo kunnensa.

"Kashinsa ya canza?"

Malama ta yi tunani. Bai canza ba.

"Baiwar Allah, ki gode wa Ubangiji," in ji nas. "Yaron nan ban da nono babu abin da ya taɓa wucewa ta maƙogwaronsa."

Ta kama hanyar gida. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya, ga kujerarta tana gani za ta suɓuce. Can sai ta tuna da jar kyanwar maƙwabta, mai kwanciya a bakin tagar kicin, wadda kwanan nan ta yi wani irin sheƙi. Baba kuma da gyangyaɗin hantsi! Lallai ɓarauniyar nan ta ci gwandarta ta ƙarshe.

Washegari ta jera faranti kamar kullum, ta yi sallama, ta ja ƙofa. Ta ɗan yi nisa, ta cire takalma, ta lallaɓo ta dawo da sandar goge-goge a hannu. Kyanwar tana nan a taga tana lasar ƙafa. Malama ta tura ƙofar falo a hankali.

Kumatu na kwance a cinyar kakansa, ya rungume kwalbar nan da ya ƙi a hannun kowa, yana zuƙa har da lumshe ido. Baba kuwa ya tsaya cak, yankan gwanda na rabin hanya zuwa bakinsa, ya haɗiye wanda ke ciki, ya ce, "Ni fa ban taɓa ce miki shi ya ci ba. Cewa na yi an ci."