Tsutsotsin Tankin Otal

Manajan otal ne ya fara ganinsu da safe: tsutsotsi jajaye, sirara kamar zaren ɗinki, suna leƙowa daga yashin tankin kifin da ke zauren baƙi. Tankin ruwan gishiri ne, da murjani mai rai, irin na ƙarƙashin teku, a ciki. Shekara tara wani ma'aikaci da ake kira Tsoho ke kula da shi.

Kafin azahar manaja ya sa an kawo kwalbar magani. Ya ce a zuba, baƙi ba kallon tsutsa suka zo ba.

Tsoho ya ajiye bokiti, ya tsaya ya ba tankin baya. Ya ce waɗannan ba sa taɓa murjani, 'yan shara ne. Ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasa suke ci, wanda manaja ke watsa wa kifi cike da hannu duk sanda yake son burge baƙo. Maganin kuwa, murjanin zai fara kashewa.

"Baba, ko duba su ba ka yi ba."

"Ba sai na duba ba."

Manaja ya tuna masa doka: ba a sa komai a tankin nan, ba a hana komai, sai da izinin ofis. In ba zai matsa ba, ya ajiye makulli ya kama hanyar gida.

Tsoho ya ciro makullin ya ɗora a kan murfin tankin. Bai matsa ba.

"Na koru, ranka ya daɗe. Saura ka ɗaga ni daga nan."

Ganin baƙi sun fara taruwa, sai aka kira matar da ke sayar musu da kifin ado. Ta tsamo guda ɗaya da hantsaki, ta sa a faranti, ta duba da madubin ƙara girma. Ta ce Tsoho ya yi gaskiya, kuma rabonta da ganin ruwan nan garau haka an daɗe. Irinsu a jikin sabon dutse suke shigowa. Manaja ya ce shekara biyu ba a sa sabon dutse ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ikon Allah.

Manaja ya turo makullin yana gunaguni. Tsoho ya ɗauka, bai yi godiya ba.

Da ya koma gida matarsa ta tambaya ko 'ya'yan nasa sun kama wuri. Ya ce sun kama. Tsutsa arba'in ya ɗiba daga bahonsa na bayan ɗaki ya kai tankin a cikin gora watan jiya, yanzu ba sa ƙirguwa.