Shugaban Makaranta a Ƙarƙashin Tebur

Tunda ka ce aikin da aka ba ka ya yi maka ƙanƙanta, zauna ka ji misalin wani mutum.

Shugaban makarantar sakandare ne a garinsu, dogo, mai kaurin murya, wanda in ya yi gyaran murya a bakin ofis har malamai sukan gyara tsayuwa. Sai matarsa, ma'aikaciyar jinya, ta samu aiki a wata ƙasar Turai. Ya ajiye nasa aikin ya bi ta, a zatonsa mai ilimi ba ya rasa wurin zama. Ashe ƙasar ba Turanci suke yi ba. Duk inda ya kai takardunsa sai a duba cikin mutunci, a ce ya je ya koyi harshe ya dawo. Ya shiga ajin manya, amma mutumin da ya saba gyara kuskuren wasu ya kasa buɗe baki ya yi nasa a gaban jama'a, sai ya daina zuwa. Matar takan fita da safe ta bar shi a bakin taga, ta dawo ta same shi a nan. Abu kaɗan sai ya hau faɗa. Har ya fara cewa shi gida zai koma, ita ta zauna da aikinta, kuma dukansu sun san in ya tafi a haka auren ba zai yi nisa ba.

A ƙarshen layinsu akwai wani ɗaki inda mata masu fita aiki ke barin ƙananan yaransu, yawanci 'ya'yan baƙi da 'yan gudun hijira. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ke riƙe da wurin, kullum cikin neman masu taimakon sa kai take. Matarsa ta ce masa, "Malam, ko don ka ga mutane, ka leƙa mana." Ya ce, "Ni ne zan yi raino?" Ta ce, "Ai tagar nan ma rainonta kake yi." Da zaman ya ishe shi, sai ya je.

Ranar farko ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ɗakin kamar yadda ya saba a taron safe, ya tafa hannu don a yi layi. Wasu suka fashe da kuka, sauran suka ɓuya a bayan tsohuwar. Daga nan aka bar masa jera takalma da share ɓarɓashin biskit.

Ana nan sai aka kawo wata yarinya da iyayenta suka tsero daga yaƙi, ba ta kai shekara huɗu ba. Tana shigowa ta shige ƙarƙashin tebur. Ba ta kuka, ba ta cin abinci, ba ta jin harshen kowa. Tsohuwar ta yi lallashi har ta gaji, ga ciwon gwiwa ba ya barinta ta sunkuya. Sai ta dubi mutumin, ta nuna masa ƙasa da yatsa. Ya ɗan tsaya yana kallon karin gugar wandonsa. Sannan ya durƙusa, ya rarrafa, ya cusa kai da kafaɗu ƙarƙashin teburin, dogayen ƙafafunsa a waje. Ya ga irin lakar roba da yara ke wasa da ita, ya gutsuro, ya murza bijimin sa mai tozo da ƙaho, irin wanda yake yi da yumɓu a bakin rafi lokacin ƙuruciya, ya ajiye a tsakaninsu. Ta daɗe tana kallo kafin ta miƙo yatsa ta taɓa tozon. Ya yi saniya, ya yi maraƙi. Kafin a tashi ta karɓi burodi daga hannunsa.

A daidai lokacin wani ɗan garinsu mai kai kaya gida-gida ya shigo da kwali, ya ga ƙafafun shugaban makaranta. Ranar Juma'a labari ya riga shi zuwa masallaci. Ana gaisawa wani ya ce, "Malam, yaya 'yan rainon naka? An yaye su kuwa?" Aka yi dariya. Abin ya sosa masa rai, ya janye ƙafa daga wurin, sai da tsohuwar ta aiko cewa yarinyar ta koma ƙin abinci. Ya sa takalminsa ya tafi.

Tun daga ranar a ƙasa yake wuni. Yara sukan kewaye shi, kowa da dabbar da yake so a murza masa. In ya faɗi sunanta da harshen ƙasar ba daidai ba su kwashe da dariya, su kama fuskarsa da hannu biyu su maimaita masa. Dariyar ƙaramin yaro ba ta da dafi, don haka bai ji kunyar sake gwadawa ba. Harshen da ya gagare shi a ajin manya ya shige shi ta sunayen dabbobi, da waƙar wanke hannu, da rabon faɗa a kan keke. Yarinyar ma tare suka koya, har ta fi shi sauri.

Da makarantar firamaren unguwar ta nemi wanda zai tsaya tsakanin malamai da iyaye baƙi, uwayen yaran suka tafi gaba ɗaya suka ba da sunansa. A wurin ganawar, jefi-jefi kalmar yara takan kuɓuce masa, masu tambayar su yi murmushi, amma suka ɗauke shi. Yau in magana ta rikice tsakanin iyaye da makaranta, shi ake jira, in ya miƙe zai yi bayani kowa yakan yi shiru. Yana nan da matarsa a ƙasar, kuma ranar hutunsa har yanzu a ɗakin yaran yake yinta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka.