Tarwaɗar Ngadda

Da kaka ne, kogin Ngadda ya cika ta bayan Kasuwar Kwastam. Ina 'yar firamare, Baba ya soka fara a ƙugiya ya miƙa mini fatsarsa.

Can wani abu ya fizgi zaren, ya ja ni cikin ruwa har gwiwa.

"Baba, karɓi!"

"Tarwaɗa ce, kuma ke ta zaɓa, Yagana," in ji shi. "Kada ki saki."

Na kafa ƙafafuna cikin laka, ina kuka ina ja, har tarwaɗar ta gaji. Da na waiwaya, ashe Baba yana tsaye daf da bayana cikin ruwa, da takalminsa, ya miƙo hannuwa don ya tare ni.

Sai da na haihu na san wanda ya fi shan wuya ranar.