Marinin da Ya Ce a Ɗauke Hannu

Malama, tunda jiya kika fara aiki da mu a ɗakin gwaji, zauna ki ji abin da ya sa nake faɗa kan kwalbar sifirit. Ƙwayar cuta ba ta da launi. In kin ɗora ta a madubin likita haka nan, sai ki ga kamar ruwan randa. Likitocin dā a ƙasar Turai sun sha zare ido a banza, har suka ari rinin masu tufafi. Daga baya wani cikinsu ya lura cewa in aka rina ƙwayoyin da shuɗi aka wanke da sifirit, wasu sukan riƙe, wasu su zuba, sai a sa jan rini a kan waɗanda suka zuba. Gida biyu ke nan, kuma maganin wannan ba lalle ya ci wancan ba. Ni dai kullum ina gode wa waɗannan bayin Allah.

To, an yi wani tsohon marini da matarsa ta kwanta da ciwon huhu a wani ƙaramin asibiti. Mai gwaji ya duba kakinta ya ce ƙwayoyin ja ne, likita ya ba da maganin ja. Kwana biyar jiki sai baya yake yi, har numfashi ya fara gagararta. Likita ya ce a sake gwaji. Tsoho ya kai kakin da kansa, ya tsaya bakin taga yana kallo, don zama ya gagare shi. Mai gwajin kuwa irin masu takardar shaida a bango ne, ko gaisuwar kirki bai amsa ba. Ya shafa kaki a ɗan gilashi, ya rina, ya kama tsiyaya sifirit yana hira da wani. Shuɗi ya gama fita tuni, shi kuwa bai daina ba. Tsoho ya kasa daurewa, ya ce, "Ɗana, yi mini aikin gafara. Ban san aikinka ba, amma na san rini. Da zarar ruwa ya daina fita da launi, ɗauke hannu. In ka zarce, har mai riƙewa sai ya zuba."

Mai gwaji ya ji haushi. Don ya kunyata tsohon, sai ya yi gilashi biyu, ɗaya yadda ya saba, ɗaya yadda aka ce. Nasa ya fito ja. Na tsoho kuwa ga ƙwayoyi nan shuɗaye, bibbiyu, reras. Nan ya gane hannunsa ne ya kusa kashe matar mutane. Ya ruga wurin likita ya faɗi gaskiya, aka canza magani. Kwana uku ta tashi zaune tana mitar kunun asibiti ba tsamiya.

Bayan an sallame ta, mai gwaji ya bi tsoho har karofi, ya cire takalmi ya durƙusa. Tsoho na cewa shi ne da godiya, shi kuma yana cewa a'a, Baba, ni ne, har abokan rini suka kama dariya. Gaskiyar masu iya magana: da tsohuwar zuma ake magani.