Sunan Aro

Tun makon da aka koma lakwal, wato makarantar boko, a 1958, malamin aji Mushe Mutari ya fara haɗa wa Suma'ila, ɗan ajin ƙarshe, takardun neman kwalejin Yamai. Gurbin kaɗan ne, kuma bai taɓa koyar da yaro mai kai irinsa ba. Shaidar uba kawai ta rage.

Suka tafi ƙauyen su yaron, can bayan Zermu. Suka sami maigari, wanda takardu suka ce shi ne ubansa.

"Ranka ya daɗe, ɗanka Suma'ila za shi Yamai," in ji Mushe. "Yatsanka muke so a nan."

Maigari ya nuna wani saurayi mai ɗaure jaki. "Ga Suma'ila can. Na wurinka ɗan barana ne. Da aka zo kamun yaran lakwal, shi na bayar da sunan ɗana. Yanzu an ce 'yan boko za su riƙe ƙasa. To, ya maido mana sunanmu."

Mushe ya juya. Yaron ya ƙura wa takardunsa na shekara shida ido.

"Mushe," ya ce a hankali, "Tahiru ne sunana. Amma Tahiru bai taɓa shiga aji ba."