Soson da ke Saman Ɗakin Inna Turai

Ruwan Agusta ne ya burma rufin soron ɗakin Inna Turai a Koki. Allah Ya tsare, tana tsakar gida. Ɗanta Maharazu, baduku a Kasuwar Kurmi, ya ci alwashin yi wa tsohuwa ɗakin da za a zo kallo.

Malam Ɗanjuma magini ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Ginin nan da sauransa. A sake azara, a shimfiɗa asabari, a ɗora ƙasa, a shafe da makuba. Ko da bazara sai ta nemi mayafi."

Maharazu ya yi dariya. "Haba Baba, a wannan zamanin? Abokaina su zo gaishe ta su ga azara?"

Aka buga kwano, aka yi silin roba fari tas. Kyau kam ya yi. Amma da bazara ta kama, ɗakin ya koma tanda, ga Inna da ciwon ƙafa, ba ta iya fitowa inuwa sai an kama ta.

Maharazu na son uwarsa, wannan babu ja. Sai dai mutum ne da ba ya son a ce ya yi kuskure. Maimakon ya koma wa magini, sai ya kwaso ragowar soso buhu-buhu daga wajen masu katifa, ya sa kafinta ya cusa tsakanin kwano da silin, a kan wayoyin lantarki. Zafi ya ragu. Ya yi ta ba da labarin dabararsa a kasuwa.

Wata Talata bayan azahar aka kawo wuta da ƙarfi. Waya ta yi tartsatsi cikin soson, Inna kuwa tana kwance a ɗakin. Sa'ida matar Maharazu tana girki ta ji ƙauri, kafin ta kai ƙofa baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, roba na narkewa tana ɗiga. Maƙwabta suka kashe wutar nan da nan. Ko gadon bai ƙone ba.

Amma Inna ba ta motsi.

A asibiti likita ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wuta ba ta taɓa ta ba. Hayaƙin soso da roba guba ne, shi ya tsayar mata da numfashi."

Maharazu ya zube ƙasa yana kuka. "Ni na kwaso shi! Ni na sa aka zuba mata a ka!"

Jama'a, abin da za ku rufa a kan iyalinku, kada ku tsaya ga kyau da burgewa. Ku tambayi masana, ku zaɓi abin da ke sanyaya ɗaki, ba ya saurin kama wuta, kuma ba ya cutar da mai shaƙa.